Hancin da Ya Mutu a Motar Bobigny

Wata Talata ce cikin sanyin farkon shekarar 2016 Zouera Hamani ta ɗora katinta a ƙofar ɗakin gas, ƙofa ta ƙi buɗewa. Ta goge katin a jikin rigarta ta sake ɗorawa, fitila ta sake nuna ja. Kafin ta juya sai ta ji muryar Mushe Chavanne, shugaban kamfanin, a bayanta, yana cewa ta biyo shi biro, wato ofishinsa.

Kamfanin ƙarami ne, a Villeurbanne da ke gefen birnin Lyon na Faransa, can bayan jami'ar da ta yi karatu, kusa da inda taram, jirgin cikin gari, yake kwana. Abu ɗaya suke ƙerawa: wata ƴar na'ura da ba ta fi gwangwanin man zafi girma ba, wadda ake liƙawa a rufin motoci masu tafiya da iskar haidirojin. Iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi, ko wuta ta kama da rana da ƙyar ido zai ga harshenta. In ta fara zurara daga tanki sama take yi, ta taru a ƙarƙashin rufi, na'urar nan ce kaɗai za ta ji ta, ta yi ƙara, ta rufe bututu. Turawan wurin capteur suke ce mata. Zouera kuwa, tun ranar da ta yi fama da yi wa mahaifiyarta bayanin aikinta ta talho zuwa Damagaram, hanci take kiran abin. Kowane hanci sai ya bi ta hannunta ta gwada shi kafin ya bar Lyon.

Mushe Chavanne bai ce ta zauna ba, shi ma bai zauna ba. Ya ce jiya a Bobigny, kusa da Paris, a garajin wani kamfanin kai saƙonni da ke gwajin motocin nan, wani makanisiye ya shiga bayan mota da na'urar hannu, na'urar ta kama kuwwa kamar za ta tsage. Wani mahaɗin bututu ne ya saki. Hancin da ke rufin motar kuwa shiru kake ji, fitilarsa kore shar. Wata mata ce ke tuƙa motar, ta wuni tana zagayen unguwanni da ita.

"Ba wanda ya ji rauni," in ji shi. "Amma wani mutum zai zo ya yi miki tambayoyi. Ba ni na kira shi ba. Kin san halin da ƙasar ke ciki tun harin da aka kai Paris. Duk mai shiga wurin gas sai an duba shi."

"Duka za a duba mu?"

Ya gyara takardun da ke kan tebur, waɗanda a gyare suke. "Da ke za a fara."

Mutumin ya zo bayan azahar, cikin kwat mai ruwan toka, mai fara'a ƙwarai. Ya yaba Faransancinta. Ya tambaye ta hutun da ta je Nijar da damina, da kuma nisan da ke tsakanin Damagaram da Diffa, inda ƴan ta'adda ke yawan kai hari. Ya tambaya ko tun da can take ɗaura ɗankwali ko daga baya ta fara. Can ƙarshe, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, ya ce ko ta san wani a garajin Bobigny.

"Umar Faruk," in ji ta. "Shi ne injiniyan da ke kula da motocin. Ajinmu ɗaya."

"Shi ma ɗan Nijar?"

"Ɗan Maraɗi."

Ya rubuta, ya miƙa mata katinsa, ya ce in ta tuna wani abu, kome ƙanƙantarsa, ta kira shi.

Da aka aiko mataccen hancin daga Paris, Mushe Chavanne ya yarda ta buɗe shi, amma wani abokin aikinta na tsaye a kanta. A cikin kowane hanci akwai wani ɗan ƙwallo kamar ƙwayar gero, wanda yake ɗaukar zafi in haidirojin ta taɓa shi, zafin nan ne na'urar ke karantawa. Ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwallon da ya kamata ya zama baƙi mai kaushi ya yi fari fat, yana sheƙi, kamar an tsoma shi a narkakken gilashi. Ta san abin da ke yin haka. Silikon ne. In tururinsa ya sauka a kan ƙwallon mai zafi sai ya daskare ya rufe shi, hanci ya mutu alhali fitilarsa na nuna lafiya lau. Kuma kaurin wannan rufin ya wuce na tururin da iska ta kwaso. Wannan fesawa aka yi, kai tsaye cikin ramukan murfin, ba kuma sau ɗaya ba.

Ta fita baranda ta kira Umar Faruk. Gaisuwar ta gajarce ta.

"Faruku, da me kuke goge cikin motocin nan?"

"Ruwa da sabulu."

"Ba man goge roba? Irin na fesawa?"

"Na ce miki ruwa da sabulu. Ina réunion, muna tsakar taro, zan kira ki."

Bai kira ba. Ta sake nemansa da yamma, talho ya yi ta ringi har ya gaji.

A ɗakinta ta zauna tana jujjuya abin. Wa ya san silikon na kashe hanci? Direba bai sani ba. Makanisiye ma da wuya. Amma ta tuna ranar da malaminsu ya nuna musu wannan a labo, ɗakin gwaji, Faruku na kujerar da ke kusa da ita, har ya yi dariya ya ce ashe kashe shi ya fi ƙera shi sauƙi. Ta tuna su biyu suka nemi aikin nan wurin Mushe Chavanne, aka ɗauke ta aka bar shi, ya yi watanni in sun haɗu a taron ƴan Nijar sai dai ya ɗaga mata hannu daga nesa. Ta tuna ya taɓa cewa a gabanta hancin Jamusawa ya fi nasu. Kowane abu da ta ɗauko sai ta ga ya zauna daidai a kan ɗan'uwansa. Ta yi istigfari, ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da ta idar da sallar isha'i zaton yana nan inda ta bar shi.

Ranar Alhamis ta nemi izini ta hau jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu. A tashar Paris sojoji na sintiri da bindigogi a ƙirji, ɗaya ya bi jakarta da kallo har ta sauka matakala. Ta wuce La Courneuve, gidan Gwaggo Balkisa, ƙanwar mahaifinta, wadda ta daɗe tana dafa wa ƴan lakwal abinci a makarantar unguwar, tana zaune a wani dogon bene na Quatre Mille tun kafin mijinta ya rasu. Gwaggo ta rungume ta, ta riƙe haɓarta ta duba fuskarta.

"Ɗiyata, wannan ramar ta aiki ce ko ta miji?"

"Ta aiki ce, Gwaggo."

"To da sauƙi. Asabar Malam Ilya zai zo cin tuwo, kullum sai ya tambaye ki."

Malam Ilya ƙanen marigayi mijin Gwaggo ne, mutumin Tawa. Ya yi shekaru yana koyarwa a ƙauyukan Adar kafin ya shigo Faransa, kuma har yanzu takardunsa ba su fito ba. Bara Gwaggo ta roƙi Zouera, Zouera ta roƙi Faruku, Faruku ya sama masa aiki. Wane aiki ne, a ina, ba ta tambaya ba. Mutumin da ba shi da takardu ba ya faɗin inda yake aiki, masu hankali kuma ba sa tambayarsa.

Da hantsin Juma'a ta isa garajin. Faruku ya tare ta a bakin ƙofa da doguwar gaisuwa: ina gajiya, ina sanyi, ya mutanen Lyon, ya labarin gida, ya jikin Inna. Yana yi yana kallon wani wuri bayan kafaɗarta. Ta ce tana son ganin motocin. Ya ce yawancinsu sun fita aiki. Ta ce ta ga waɗanda suka rage.

Ta shiga bayan ɗaya. Ƙamshin lemo ya bugi hancinta. Duk wata roba da ke cikin motar tana ɗaukar ido, daga gaban direba har marikin ƙofa. Ta miƙa hannu ta shafa murfin hancin da ke rufi, ta murza yatsunta. Santsi.

Ta sauko ta nufi ɗan ɗakin da ta hango bokitai da tsummoki a ciki. A kan shiryayye akwai sabulun ruwa, akwai buroshi, sai kuma wani fili da babu komai, ƙura ta zagaye sawun gindin gwangwanaye. Ba a daɗe da kwashe su ba.

"Ruwa da sabulu," in ji ta.

Faruku ya janyo ƙofar ɗakin ya rage murya. "Zouera, don Allah ki bar wannan magana a hannuna. Na riga na gyara."

"Me ka gyara?"

"Ba zai sake faruwa ba. Shi ke nan abin da zan iya ce miki."

"An rufe mini ƙofar labo. An tambaye ni nisan garinmu da Diffa. Kai kuma kana ce mini in bar maka?"

"Ni ma an tambaye ni. Ke kika ba su sunana, ai."

"Tambayata aka yi wa na sani."

"To. Kowa ya faɗi abin da ya sani." Ya buɗe ƙofar. "Lokacin masallaci ya yi."

Ta fito. A tashar taram ta zaro katin mai kwat ɗin toka, ta danna lambar har ƙarshe, ta tsaya tana kallonta. Ta san in ta kira, kafin la'asar an zo an tafi da Faruku, kuma a irin wannan lokaci wanda aka tafi da shi ba ya dawowa da sunansa yadda yake. Ta tuna yana da mata da jaririya. Ta kuma tuna matar da ta wuni a motar da gas ke taruwa a kanta. Ta goge lambar, ta ce wa ranta Litinin. In bai yi magana ba kafin Litinin, ita za ta yi.

Ranar Asabar da azahar Malam Ilya ya yi sallama. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, yana sanye da tsohuwar kwat a kan jallabiya, da wata jakar leda mai nauyi a hannu. Ya gaisa da Gwaggo, ya juyo ga Zouera ya jero mata tambayoyi irin na malamin makaranta, har da ko tana samun lokacin karatun littafi ban da na aiki. Gwaggo ta kawo tuwon semul da miyar kuɓewa busassa. Kafin ya wanke hannu ya tura wa Gwaggo jakar.

"Ga tsaraba, Yaya. Bom ne, na goge roba."

Gwaggo ta zabura ta dubi bango. "Kai Malam! Kada ka ƙara faɗin kalmar nan a gidan nan. Bangon nan takarda ne."

"To haka Turawa ka ce ma gwangwanin fesawa, ni mi zan ce?" Ya yi dariya. "Ki gwada shi bisa firjinki ki gani. Sai kin ga fuskarki ciki."

Zouera ta miƙa hannu ta zaro gwangwani ɗaya. Hoton lemo a jiki. Ta juya bayansa, ta bi ƙananan rubutun da yatsa, ta sami kalmar a layi na biyu.

"Malam, a ina ka samo wannan?"

Ya dubi Gwaggo, ya dubi ƙofa, sannan ya ga ai gida ne. "Wurin aiki. Garajin su Faruku nika wankin motoci, da asuba, kahin direbobi su zo. Patron ɗinmu na masu shara shi ya sawo muna shi katan guda. Shekaranjiya waccan Faruku ya ce in kwashe shi duka in ɓatar, kada in gaya ma kowa. Na ce wanga abu mai kyau a zubar? Almubazzaranci ne."

"Ya gaya maka dalili?"

"A'a. Na ɗauka manya ne ba su son ƙamshin."

"Akwai wani ɗan abu zagayayye a rufin motar, mai ramuka…"

"Na san shi! Shi ya fi komi riƙe ƙura. Sai na fesa mishi sosai cikin ramukan, in bi da tsumma. Ba motar da nika bari da shi da datti." Ya faɗi haka da jin daɗin mutumin da ke yin aikinsa tsakani da Allah. Sai ya lura da fuskarta. "Ɗiya, lahiya?"

Zouera ta ajiye gwangwanin. Mutumin da ta kwana uku tana ginawa a ranta, mai baƙin ciki da dabara, ya rushe, ga wanda ya rage a gabanta yana jiran ya sa hannu a tuwo. Ta so ta yi shiru. Amma motocin suna kan titi a wannan sa'ar, domin ranar Asabar ma ana kai saƙo. Ta yi masa bayani a hankali, da kalmomin da ta taɓa yi wa mahaifiyarta. Yana saurare, hannunsa a cikin kwanon wanke hannu, bai fitar da shi ba har ta gama.

"Wace mota ce?" ya tambaya.

"Ban san lambarta ba. Wata mata ke tuƙa ta."

Ya yi salati a hankali.

Ta kira Faruku ta ce masa tana gidan Gwaggo, Malam Ilya na nan, gwangwanayen ma suna nan. Ya kashe talho. Ba a jima ba sai ga shi, yana haki saboda lif ɗin benen ya lalace. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ba Malam hannu, ya ƙi zama.

"Tunda kin gani, sai ki ji sauran," in ji shi. "Malam ba da sunansa yake aiki ba. Da katin wani Youssouf yake yi. Ran da na ce man gogewa ne, za su ce wa ke gogewa. Su kira shi, su dubi katin, su dubi fuskarsa. A wannan zamanin, baƙo mai sunan aro, a wurin gas, ya kashe na'urar tsaro? Wa zai tsaya ya ji cewa ƙura yake gogewa? Kafin wata ya ƙare yana cikin jirgin Yamai, in ma an yi sa'a jirgi ne. Ni kuma da na kawo shi…"

"Sauran motocin fa?"

"Ina canza musu ɗaya bayan ɗaya. Ina da ƴan saura a magaza, ɗakin ajiyarmu."

"Sun isa?"

Ya kau da kai.

"Faruku, kwashe gwangwani ba ya tada hancin da ya mutu. Kai ma ka sani. Yanzu haka akwai mutane a cikin motocin nan, fitila na nuna musu kore."

"Zurarar gas ba kullum take faruwa ba. Sau ɗaya ta faru tun da muka fara."

"Sau ɗayan ai ta faru."

Ya share gumi da bayan hannu, sai ya tsaya ya zuba mata ido, kamar yanzu wani abu ya iso masa. "Tsaya. Jiya da kika zo garaji, me kika ɗauka? Kin ɗauka ni na fesa? Da gangan?"

Zouera ta sunkuyar da kai.

"Allahu Akbar," in ji Faruku. "Shekara nawa muna tare, Zouera."

"Ƙarya ka yi mini. Da ka gaya mini gaskiya tun a talho…"

"A talho? Kin tabbata mu biyu kaɗai ke kan layin?"

"Kun gama?"

Malam Ilya ne. Ya goge hannunsa da tawul, ya miƙe. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Kuna ta shawara bisa kaina kamar ba ni cikin ɗakin. Kai Faruku, da ka gaya mini tun ran nan, da na san abin da hannuna ya yi. Ka maishe ni yaro. Ke kuma ɗiya, aikinki za ki ceta, na sani, ban ga laihinki ba." Ya ɗauki hularsa. "Takardun albashin nan su nika tarawa, an ce in sunka yi yawa ana iya kai su préfecture, wurin hukuma, a nemi izinin zama. Yanzu sun zama takardun hura wuta. Ku tsai da motocin. Ni ba ni komawa can."

Gwaggo ta ce ya zauna ya ci abinci, don girman Allah. Ya ce ya ƙoshi. Suka ji takunsa yana sauka matakala har ya ɓace. Gwaggo ta rufe tuwon da faranti, ba ta dubi kowa a cikinsu ba.

A nan tsaye Faruku ya kira shugabansa, ya ce a dawo da motocin garaji duka, yanzu, a bar tagoginsu a buɗe. Da aka bi su da gas ɗin gwaji, fiye da rabin hancinan ba su motsa ba.

Ranar Litinin Zouera ta ajiye gwangwanin a kan teburin Mushe Chavanne. Ta ce kamfanin shara ne ya sayi man, ba wanda ya gaya wa masu gogewa kada su kusanci rufi da shi, kuma gargaɗin da kamfaninsu ya rubuta yana can tsakiyar littafin da injiniyoyi kaɗai ke buɗewa, babu ko ɗan tambari a jikin na'urar. Mushe Chavanne ya jujjuya gwangwanin, kunnuwansa suka yi ja. Mai kwat ɗin toka ya dawo washegari, da fara'arsa.

"Wa ya fesa?"

"Duk wanda aka miƙa wa gwangwanin aka ce ya goge mota."

"Ba ki san sunansa ba?"

"Na san sunan abin da ke cikin gwangwanin. Shi ne aikina."

"A ina kika same shi? An ce babu ko ɗaya a garajin."

"A hannun masu shara."

Ya daɗe yana kallonta, bironsa a tsaye a kan takarda. Daga bisani ya rufe bironsa ya yi mata godiya. Ba ta sake ganinsa ba, ba ta kuma san abin da ya rubuta ba.

Kamfanin kai saƙonni ya soke kwangilar masu shara. Kafin a zo duba takardunsu ma'aikatan sun watse, domin ashe ba Malam Ilya kaɗai ke aiki da sunan aro ba. An ba Faruku takardar gargaɗi saboda jinkirin da ya yi, aka mai da shi wani garaji a bayan gari. In Zouera ta aika masa gaisuwar Juma'a yana amsawa da amin, ba ƙari. A Villeurbanne aka mayar mata da izinin shiga ɗakin gas ba tare da kowa ya ce mata ta yi haƙuri ba, aka kuma ɗora mata aikin sa wa sabon hanci matatar gawayi da za ta tare silikon, da wata dabara da zai riƙa gwada kansa ya faɗa in ya mutu. Aikin ya yi mata daɗi. Sai dai ta lura duk lokacin da ta shiga ɗakin gas, ba a jimawa wani abokin aiki zai shigo neman wani abu. Ko sa shi aka yi, ko dama can haka ake yi ba ta lura ba, ta kasa rabewa.

Sai da babbar salla ta koma La Courneuve. Gwaggo ta karɓe ta da fara'a, amma fara'ar da ake yi wa baƙo. Gidan cike da mutane, ana ta suya. Malam Ilya na zaune a kusurwa, ya ƙara ramewa. An ce yanzu dako yake yi a wata kasuwar kayan gwari, wasu ƴan sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, kuma sun karɓi maganar takardunsa, ba a dai san inda za ta tsaya ba. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Da hayaniya ta ɗauke hankalin mutane sai ya sunkuyo.

"Ɗiya, tambaya guda. Kin ba su sunana?"

"Ban ba su ba, Malam."

"Ko na Youssouf? Don an je gidansa an yi tambaya."

"Wallahi ban ba su ba."

Ya dube ta irin duban da malami ke yi wa ɗalibin da ya ce ya yi aikin gida ya manta shi a ɗaki. Ta riƙe idonsa iyakar ƙarfinta.

"To," in ji shi. "Allah shi ne masani."

Ya ɗauki tsokar nama ɗaya daga farantin da ke gabansa, ya riƙe bai ci ba.

"Matar nan mai motar, Kadidiatou sunanta, ƴar Mali ce. Ita ka fara zuwa da sahe. Ɗiyanta ukku." Ya mayar da naman. "In kin gama sabon naku, ki sa a rubuta a jikinshi kada a fesa mishi komi. Da manyan baƙaƙe. Ki sa da hoto, don ba duka masu shara ka karatu ba."

Ta ce an riga an sa. Ya gyaɗa kai, ya tambayi wani yaro ko an kira la'asar, ya tashi ya shiga neman takalmansa a cikin tarin da ke bakin ƙofa.